Giyar Hutu

A Ludlow ruwa ba ya sallama.
Ya kwana a kan rufin gareji, ya wuni a kai,
ni kuwa ina ƙarƙashin jar Triumph
wadda ta girme ni da shekara tara,
gadon bayana na shan sanyin siminti.

Gwenda Pugh ce ta kawo ta ranar Talata
da wani ƙunshi a but, cikin tsohuwar jarida.
Ta ce, "Ivor ya saye shi tun 'yarmu na rarrafe.
Kullum sai bazara mai zuwa.
Bazara talatin da ɗaya, Haladu.
Ta bana ta zo ba ta tarar da shi ba."

Na kwance igiya. Obadaraif ne,
nauyinsa kamar na ɗan rago,
man cikinsa ya daskare ya zama kakide.

Motar nan ba ta ba da giyabos ta ƙasa.
Sai ka cire kujeru, ka naɗe kafet,
ka tallabo shi ta ƙofar fasinja
yadda ake fito da majinyaci daga ɗaki.
Ƙarƙashin kujerar direba na tsinci guntun fensir,
da alewar minti uku da suka manne wa juna.
Na jefa su a gwangwanin notuna, ban ce komai ba.

Gajeren shaf ya fita, dogo ya shiga.
Sifirin takwas, kowanne da mazauninsa:
ka danne bakwai, na takwas ya yi tsalle
ya shige bayan benci yana jiran ka durƙusa.
Haƙoran ciki layi biyu ne.
In ba su kalli juna ba
ko kwana za ka yi kana turi, a banza.
Hannuna ya kai ga guduma,
sai na ji Oga Tanimu tun daga Panteka:
"Wanda ya ɗau guduma, dabararsa ce ta ƙare."
Na ajiye. Na sha shayin da ya huce.
Na sa tsinin sukundireba ina lallashi,
kaɗan,
kaɗan,
sai ƙwas!
Tazarar da ta rage ta rufe bakinta.

Saura waya, da maɓalli a wuyan sitiyari,
da ɗan makunnin da ke gadin ribas,
don abin nan bai yarda da komawa baya ba.
Ka ja shi baya yana aiki, cikinsa ya tarwatse.
Na gwada makunnin sau huɗu. Na ƙara na biyar.

Asabar rana ta leƙo kamar mai bin bashi.
Gwenda ta ɗaure gyale, ta karɓi makulli,
muka hau hanyar Leominster.
Giya ta huɗu, mil sittin,
injin na kururuwa kamar na markaɗe ranar suna.
Na ɗaga murya na ce, "Yanzu!"
Ta taɓa maɓallin da ɗan yatsa ɗaya.

Ba komai.
Sannan motar ta yi ajiyar zuciya.
Allura ta sauko da ɗari bakwai,
gudu na nan yadda yake,
hayaniya ce kawai ta sauka a hanya.

Muka ji taya na lasar jiƙaƙƙiyar kwalta.
Muka ji tumaki a bayan shinge.
Har ƙarar agogon hannunta na ji.

Ta ce, ba ta dube ni ba,
"Shekara arba'in yana min hira a motar nan.
Ban taɓa jin ƙarshen magana ɗaya ba.
Kai kawai nake gyaɗawa."

Muka wuce gada, muka wuce gonar tuffa.
Na nemi abin faɗa a harshensu, na nema a nawa,
duka biyun suka bar ni a tsaye.

Can ta sake taɓa maɓallin.
Kururuwa ta dawo ta cika motar fal.
Ta yi ihu ta samanta:
"Aikinka ya yi kyau!
Shirun ne sai na saba!"

Da yamma ina share benci
na ga gwangwanin notuna a buɗe.
Fensir na nan.
Alewar ba ta nan.